Madam Dasbina Ba Ta Koma Girka Ba

Ranar da takardar gayyata ta iso, Ruhiyya ba ta jira ta hau bene ba. A nan bakin ƙofa ta tsare mai kawo wasiƙa ta sa ya karanta mata da ƙarfi, ba don ba ta iya karatu ba, sai don matan layin da ke sayen ful, dafaffen waken karin kumallo, a gefe su ji da kunnensu. Gidan Al'adu na Shubra, unguwarsu a birnin Alƙahira, shi ne zai yi taron tunawa da matan da suka yi fice a fim da fagen kokawa, ranar Alhamis bayan La'asar, kuma ana roƙon Hajiya Ruhiyya Abdulgaffar, wadda aka sani da Zakanyar Shubra, ta halarta ta yi jawabi.

"Maimaita wurin zakanyar nan, bawan Allah," in ji ta. "Kunnena na hagu ya tsufa."

Ya maimaita. Ta ce na daman ma bai ji sosai ba.

Shekarunta saba'in da ɗaya a lokacin, amma ita ke saɓa tukunyar gas a kafaɗa zuwa hawa na huɗu, mai kawo gas yana biye da ita hannu rabbana yana sosa ƙeya. Sana'arta gyaran targaɗe. Duk wanda ƙafarsa ta gurɗe a unguwar, wurinta ake kai shi, ta murza, ta ja, ya yi ƙara, ta ce masa ya ji kunya. A falonta akwai hoto ɗaya babba: ita ce tana budurwa, ta ɗaga hannu biyu sama, damatsa kamar na mai dakan ƙarfe. Babu wanda ya taɓa shiga gidan ya fita bai ji labarin hoton nan ba, har da mai karanta mitar lantarki.

Ta haye benen da bibbiyu, ta wuce ƙofarta, ta dunƙule hannu ta daki wadda ke kallonta.

"Inayat! Ke Inayat! Buɗe kafin in shigo da ƙofar!"

Hajiya Inayat ta buɗe a hankali, yadda take yin komai. Siririya ce, fara, mai ɗingishi a ƙafar dama, sai da sanda in za ta fita, carbi ba ya barin hannunta, muryarta kuma sai ka matso kake ji. Mutanen gidan sun sha mamakin abin da ya haɗa wannan baiwar Allah da waccan guguwar, shekara talatin da biyar ƙofa na kallon ƙofa.

"Sun tuna da mu!" in ji Ruhiyya tana kaɗa takardar. "Wallahi sun tuna da mu!"

Inayat ta karɓa, ta nisanta ta da idonta, ta karanta har ƙasa.

"Sun tuna da ke dai," ta ce. "Allah Ya sanya alheri. Shigo, madarata za ta zube."

A kasuwar Rod al-Farag aka haifi Ruhiyya, kusan a kan buhu, don ubanta ɗan dako ne, uwarta kuma na sayar da shayi ga 'yan dakon. Tana shekara goma sha tara wani mahauci ya ja mata mayafi. Ta ɗaga shi ta zaunar a cikin kwandon tumatir, ta gyara mayafinta, ta ci gaba da tafiya. A cikin waɗanda suka ga abin akwai Mu'allim Shahata, mai tantin wasanni da ke bin bukukuwan maulidi daga Alƙahira zuwa Tanta zuwa Dasuk, da birinsa, da mai haɗiye wuta, da 'yan kokawa maza huɗu da duk jama'a ta gaji da su. Ya bi ta har gida. Sai da ya yi wa uban zirga-zirga bakwai kafin ya yarda.

Amma zakanya ba ta kokawa ita kaɗai, sai da wadda za a tsana. Mu'allim ya samo wata 'yar mai wanki daga Bulak, Inayat, fara sol, mai laushin jiki kamar ba ƙashi. Ya ɗora mata gashin doki mai ruwan zinare, ya shafa mata jan-baki, ya raɗa mata suna Madam Dasbina 'yar Girka, wadda ta ƙetaro teku don ta wulaƙanta matan Masar. Girkancinta kuwa sunayen cuku ne da zaitun da ƙirga ɗaya zuwa goma, waɗanda ta tsinta a shagon wani Bagirke da uwarta ke yi wa wanki. Idan ta daka su da tsawa, sai ka rantse uwar wani take zagi.

Kafin wasansu na farko Mu'allim ya zaunar da su a bayan tanti, ya gutsura gurasa, ya barbaɗa gishiri, suka ci su uku, suka dafa Alƙur'ani. Rantsuwar ita ce, babu bakin da zai taɓa faɗa wa wani mahaluƙi ko wace ce Madam Dasbina. Saboda haka ba sa hawa tarago ɗaya a jirgi, ba sa gaisawa a titi. Idan Ruhiyya na son cin abinci da ƙawarta, sai ta zagaya ta bayan kejin biri.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba, kuma Ruhiyya ta sani sarai, shi ne mai faɗuwa ita ke yin aikin. Ruhiyya ta ɗan taɓa ta, Inayat ta tashi sama ta juya ta dawo ƙasa da ƙarar da za ta sa mata su dafe ƙirji. Ita ke taka ƙafa, ita ke jan kunne a bayan idon alƙali, ita ake jifa da ɓawon lemo, kuma kowace rana ita ce a ƙasa a ƙarshe. Shekara takwas suna yi, bayan Ruhiyya bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Daga tanti masu fim suka gano su. Ruhiyya ta zama mai gadin kurkukun mata, ko maƙwabciya mai mari, fuskarta na fitowa, wani lokacin har da sunanta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Inayat kuwa ba a taɓa ganin fuskarta ba. Rigar jaruma ake sa mata, a juya ta baya, ta faɗo daga doki, daga jirgin ruwa, daga baranda, sannan jarumar ta zo ta kwanta a wurin a ɗauki hawayenta. A wani fim na jaruma marigayiya Durriyya Wasfi ta gangaro matakala talatin da biyu na dutse. Darakta ya ce a sake, haske bai yi ba. A karo na biyun ne ƙashin kwankwasonta ya tsage. Nan kokawa ta ƙare. Mu'allim ya shelanta cewa Madam Dasbina ta ji tsoro ta gudu ƙasarsu. Inayat ta auri wani magatakarda a tashar jirgin ƙasa, mutum mai sanyi, wanda har ya koma ga Allah yana tausaya mata a kan faɗowar da ta ce masa ta yi daga taragon Bulak.

Ranar Litinin mai shirya taron ta zo da kanta. Dakta Shahinaz ce, malamar jami'a, mai tabarau da jaka cike da takardu, kuma tun daga ƙofa take haki, rabi don benen, rabi don murna. Da yake shayin Ruhiyya ya yi suna wajen rashin daɗi, Inayat ce ta shigo da tire.

"Hajiya, ba ki san abin da ganinki ya yi mini ba," in ji Dakta. "Shekara uku ina tono tarihinku. Kin ga wannan?"

Ta zaro wani tsohon hoto. Madam Dasbina ce, da gashin dokinta, ta ɗaga haɓa tana kallon duniya a wulaƙance.

"Ita ce ta gagare ni. Ta koma Girka a shekarar alif ɗari tara da saba'in da ɗaya, shi ke nan, ko ƙurarta. Na rubuta wa wata abokiyar karatuna a Atina, can Girka, ta duba coci-coci, ko kabarinta ba ta samu ba."

"Sukari nawa, 'yata?" in ji Inayat.

"Biyu, Hajiya, na gode. To, mun sa ta cikin mamata, da baƙin ƙyalle a hoton. Hajiya Ruhiyya, ke da kika gwabza da ita, wace irin mace ce?"

Ruhiyya ta saci kallon Inayat.

"Ita dai... tana da... ta iya dafa mulukiyya."

"Bagirkiya? Mulukiyya, miyarmu ta Masar?" Dakta ta zaro biro da sauri.

"An ce muguwa ce," in ji Inayat tana juya cokali. "Ni ban taɓa zuwa irin wuraren nan ba, amma an ce ko gaisuwa ba ta amsawa."

"Haka na ji! Haka duk tsofaffin suka ce mini!" Dakta ta rubuta. "Af, kuma za mu nuna faɗowar Durriyya Wasfi daga matakala. Kun san da kanta ta yi? Ta faɗa a wata hira, ta ce ba ta yarda wata ta faɗi a madadinta ba. Matan da kenan!"

Shayi ya sarƙe Ruhiyya. Inayat ta bubbuga mata baya, da ɗan ƙarfin da ya wuce na taimako.

Dakta na sauka Ruhiyya ta maida ƙofa ta juyo.

"Da kanta! Kin ji? Da kanta! Matar da ko daga kan kujera ba ta sauka sai an riƙe mata hannu!"

"Ta rasu, Ruhiyya. A bar ta ta kwanta."

"Ke ma ai kin rasu, ba ki ji ba? Da baƙin ƙyalle! Ranar Alhamis zan tsaya a gaban Shubra kaf a tafa mini, a kan me? A kan na tsaya ƙiƙam kamar turke ke kina tashi sama? Wallahi sai na faɗa musu."

"Ba za ki faɗa ba."

"Sai na faɗa!"

"Kin ci gishirin ko ba ki ci ba?"

"Shekara hamsin, Inayat! Gishirin nan ya daɗe da fita da gumi!"

"Hannun da kika dafa Alƙur'ani da shi kuma fa, shi ma ya fita da gumin? Mutum ɗaya ne zai kwance mu, Mu'allim, shi kuwa yana kwance a maƙabartar Imam Shafi'i. Hau mota ki je ki tambaye shi. In ya amsa, ki gaishe shi."

Ruhiyya ta zube a kujera, kujerar ta yi ƙara.

"To ke ba ya damunki? Ko kaɗan?"

Inayat ta daɗe tana tattara kofuna. Sai da ta kai ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Hoton da suka samo ma ba mai kyau ba ne. Akwai wanda na fi fitowa."

Wannan maganar ce ta hana Ruhiyya sakat kwana uku. Ta murza ƙafar wani ɗan ƙwallo, ta murza mai lafiyar ta bar mai ciwon. Ta je wurin limamin masallacin layinsu ta tambaye shi hukuncin rantsuwar da wata ƙawarta ta yi, ya ce ƙawar ta ciyar da miskinai goma ta warware. Ta dawo da gudu ta faɗa wa Inayat. Inayat ta ce ta ciyar da miskinan, lada ne, amma ita ba ta warware tata ba, kuma sirrin nata ne.

Ranar Alhamis Ruhiyya ta sa baƙar rigarta ta biki da awarwaro shida, ta fesa turaren da ya kai hawa na ɗaya kafin ita. Inayat ta ce ba za ta je ba, sai da 'yarta Nagat, malamar firamare, ta ce haba Mama, maƙwabciyar shekara talatin da biyar? Suka tafi su uku a tasi, Ruhiyya a gaba tana nuna wa direba hanyar da ya fi ta sani.

Zauren ya cika maƙil. Ɗalibai da littattafai, matan unguwa da jikoki, tsofaffi da sanduna, fankoki na juyawa a sama ba sa komai. An jera hotunan matan a bango, jarumai da mawaƙa da 'yan kokawa, yawancinsu da baƙin ƙyalle. Aka zaunar da Ruhiyya a kan dandamali kusa da Dakta, Inayat da Nagat kuma a layi na biyar. Da aka nemi a yi wa mamatan addu'a, Ruhiyya ta hango Inayat ta ɗaga hannu tare da kowa, ta shafa, ta ce amin.

Aka yi jawabai. Aka kashe fitila aka nuna guntayen finafinai, mutane na kiran sunan kowace jaruma kamar za ta juyo. Ruhiyya ta fito tana marin wata fursuna, zaure ya ɗauki tafi da fito, ta miƙe ta rusuna, ta manta ɓacin ranta na minti guda. Sai ga matakalar. Mace cikin farar riga ta juya baya, ta yi taku ɗaya, ta gangaro. Ruhiyya ta ƙirga a zuci. A ta ashirin da shida ta ga abin da babu wanda ya gani, yadda ƙafar dama ta buɗe ba daidai ba. Hoto ya koma kan fuskar Durriyya Wasfi da hawaye ɗaya mai kyau. Zaure ya miƙe tsaye yana tafi.

Inayat ma tana tafi, a hankali, carbi na lilo a wuyan hannunta.

Aka kunna fitila, Dakta ta miƙa wa Ruhiyya abin magana. Ruhiyya ta ture shi, don ba ta taɓa buƙatarsa ba. Ta tsaya a bakin dandamali. Jawabin da Nagat ta rubuta mata yana cikin jaka, bai ko zo mata a rai ba. Sunan Inayat yana kan harshenta, kuma daga layi na biyar idanu biyu na kallonta suna cewa kul.

To, a tantin Mu'allim Shahata ba ƙararrawa ke buɗe wasa ba. Zakanya ce ke fitowa ita kaɗai ta kira abokiyar gaba sau uku, kuma doka ce, kafin kira na uku ya mutu a iska Madam Dasbina ta fito. Ta fito da zazzaɓi, ta fito da haƙori a kumbure, ta fito washegarin ranar da aka binne uwarta. Wannan ba ya cikin rantsuwar gishiri. Rantsuwa ta hana baki faɗin suna, ba ta hana kira ba.

Ruhiyya ta cika ƙirji da iska.

"Jama'ar Shubra! An ce muku Madam Dasbina ta mutu. Ƙarya ne! Irinta ba sa mutuwa, ɓuya suke yi! Matsoraciya ce, ta gudu da bashin kaye ɗaya da nake binta!" Ta buga ƙafa, katakon ya amsa. "Dasbina! In kina da jini a jiki, fito!"

Ɗalibai suka yi dariya suna tafi, sun ɗauka cikin shirin ne. Dakta ta duba takardarta, ba ta ga wurin ba. A layi na biyar carbi ya tsaya cak.

"Dasbina! Mai gashin doki! Ke da ko ɗan tsako ba ki iya kayarwa sai kin taka masa ƙafa! Fito!"

"Mama, lafiya?" in ji Nagat. "Kin yi ja."

"Tsohuwar banza," in ji Inayat tsakanin haƙora. "Tsohuwar banza marar mutunci."

"Mama!"

Ruhiyya ta ɗaga hannu biyu sama kamar a hoton falonta, awarwaro suka zubo zuwa gwiwar hannu. In kira na uku ya faɗi ƙasa babu amsa, ta san ta yi asarar ƙawa kuma ta zama abin dariya a rana ɗaya.

"Das-bi-na!"

Shiru. Fanka kawai ake ji.

Sai Hajiya Inayat, mai carbi, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ko a kan mai shara ba, ta miƙe. Ta ajiye carbin a cinyar 'yarta, ta ɗora sandarta a kai. Ta ɗaga haɓa. Ɗingishin yana nan, amma ya zama wani abu dabam, ya zama taƙama, kamar ƙasar Shubra ce ba ta isa ta taka da ƙafa biyu ba. Ta bi tsakiyar zaure tana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya a wulaƙance, ta tsaya a gaban wani farfesa mai furfura, ta daka masa sunayen cuku uku da tsawar da ta sa ya riƙe tabaransa.

Dakta ta kalli hoton bango, ta kalli haɓar, ta sake kallon hoton. Takardunta suka zube.

"Sukari biyu," ta ce a hankali. "Ya Rabbi. Sukari biyu."

Inayat ta hau matakala uku na dandamali ba ta karɓi hannun kowa ba. Suka zagaya juna sau ɗaya. Suka sarƙe, goshi da goshi, hannu a wuya, kamar jiya suka rabu. A nan ne 'yan kokawa ke maganarsu, inda babu mai ji.

"Zan kashe ki in mun koma gida," in ji Inayat.

"Na yarda. Yau ke ce a sama."

"Kin haukace? Ba ki iya faɗuwa ba, ba ki taɓa yi ba."

"Koya mini."

"Yanzu? A nan?"

"Yi sauri, wuyana ya fara ciwo."

"Haɓa a ƙirji. Saki jiki, kar ki ƙanƙame. Ki mari ƙasa da tafin hannu kafin bayanki ya isa. Kin ji? Kafin."

"Na ji."

"Ba ki ji ba, na san ki."

Inayat ta ɗaga dunduniya ta taka mata ɗan yatsa a fili, yadda na layin ƙarshe ma zai gani, ta kama kunnenta ta murɗa, ta juya ta saka mata kwankwaso, mai lafiyar. Zakanyar Shubra, kilo casa'in da awarwaro shida, ta bar ƙasa karo na farko a rayuwarta. Ta ga fanka, ta ga fitila, ta tuna haɓa, ta manta hannu. Dandamalin ya yi ƙarar da ta tashi tattabarun kan rufi.

Sai Dakta ta fara tafi, ɗalibai suka bi, tafi mai ladabi irin na ƙarshen lacca. Daga inda take kwance Ruhiyya ta ga annurin fuskar Inayat ya ɗauke. Shekara takwas a tanti ba a taɓa tafa wa Madam Dasbina ba, kuma da an yi, da Mu'allim ya ce wasa ya lalace. Ruhiyya ta so ta yi musu tsawa su daina, amma numfashinta bai dawo ba tukuna.

Can baya wani tsoho ya miƙe yana kaɗa sanda. Ammu Garib ne, tsohon direban tarago, wanda haƙoransa suka riga shi ritaya.

"Ta taka mata ƙafa!" ya yi ƙara. "Na gani da idona! Haka ta yi a Tanta! La'ananniya, shekara arba'in ba ki tuba ba? Ina alƙali?"

Ya ɗebo ɓawon gyaɗa daga aljihu ya watso. Bai kai ko layi na goma ba, ya sauka a kan wata mata, amma ya isa. Tsofaffin da suka san tanti suka ɗauka.

"Macuciya!"

"Koma ƙasarku!"

"Tashi, Zakanya, tashi ki karya ta!"

Matan unguwa suka shiga, jikoki suka hau kujeru, ɗalibai suka ajiye littattafai suka kama ihu ba su san dalili ba. Farfesan nan mai furfura ya naɗe takardar shiri yana dukan kujerar gabansa. Nagat na tsaye da carbi a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, baki buɗe, tana juyawa tana cewa, "Uwata ce fa! Ku daina zaginta! Mama, ke ce?" Babu mai jin ta.

Madam Dasbina kuwa ta buɗe kamar fure. Ta kai hannu bayan kunne wai ba ta ji sosai ba, ihun ya ninka. Ta bi bakin dandamali daga wannan gefe zuwa wancan tana ƙirga musu ɗaya zuwa goma da Girkanci, kowace lamba da yatsa a fuskar wani. Ta dawo ta ɗora ƙafa a kan cikin Ruhiyya, a hankali, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Idanunta sun cika taf, amma haɓar ba ta sauko ba.

Ruhiyya na kwance tana kallon ta daga ƙasa, wurin da ba ta taɓa kallon ta ba. Bayanta na zafi tun daga wuya har ƙugu, kuma ta san Inayat ce za ta murza shi gobe, da irin ƙarfin da za ta sa. Dariya ta kama ta, dariyar na ƙara mata ciwo.

"Inayat," ta ce ƙasa-ƙasa. "Haka yake da zafi kullum?"

"Kullum. Na ce miki hannu kafin baya."

"To ɗaga ni. Wallahi ba zan iya tashi ba."

Inayat ta dube ta ta gefen ido, leɓenta ko motsi ba ya yi.

"A gaban mutane? Kwanta tukuna. Ba su gama ba."